Kwamfutar da Aka Ce Babu Komai a Cikinta

Har yau in na ji wani ya ce "farmata" sai raina ya ɓaci. A Jidda, a shekarun da nake magana, wannan kalma ita ce maganin kowace cuta ta kwamfuta. Ta yi nauyi, farmata. Ta ƙi buga takarda, farmata. Ma'anarta a share duk abin da ke ciki tas, a sake zuba nizam, wato babbar manhajar da na'ura ke tashi da ita. Nizam kuwa a wurin masu gyaranmu ɗaya ne tak, na babban kamfanin nan da ya mamaye duniya, wanda suke kwafa a faifai suna rabawa kamar gyaɗa.

Tawa kwamfutar ba shi ne a kanta ba. Tsohuwa ce, maigidana ya kwaso ta daga ofishin kaya da yake aiki kusa da tashar jiragen ruwa, bayan sun yar da ita don sabon nizam na kamfanin ya fi ƙarfinta. Ni na yi karatun kwamfuta a wata makarantar mata, a can wata malama ta ba ni faifan wani nizam daban, na kyauta, wanda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta suka bar shi a buɗe, kowa ya leƙa cikinsa, ya gyara, ya miƙa wa wani. Ina zuba mata shi, tsohuwa ta miƙe garau. Ba na ce ba shi da aibi ba, don sai da na sha wuya kafin ya yarda da makirufo.

Makirufon don kakata na saye shi, mahaifiyar babanmu. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita a ƙasa daga ƙasar Hausa, suna tafe suna yada zango, su tsaya su yi tsintar auduga a Sudan su ƙara gaba, har suka haye teku. Duk danginmu na unguwar Aziziyya ita kaɗai ta rage da ta ga hanyar nan da idonta, 'ya'yanmu kuwa Hausar ma sai dai su ji su amsa da Larabci. Sai na riƙa zaunar da ita bayan la'asar, da shayinta mai na'ana'a, tana ba da labari ina ɗauka. Na'urar ba ta iya kwafa a faifai, don haka na bari sai labarin ya iso Jidda in ari ta wani in kwafe gaba ɗaya. Mun kusa isa bakin teku azumi ya kama.

Babban yayanmu yana da shagon yadi a kasuwar Bab Makka, nan Jidda. Hannunsa a sake yake, wannan ba zan hana masa ba, amma bai taɓa tambayar mutum me yake so kafin ya yi masa alheri ba. Duk zuwan da zai yi gidana sai ya tsaya kan kwamfutar yana taɓe baki.

"Wai ke me ya sa ba kya son abin mutane? Duk duniya nizam ɗaya take amfani da shi, ke kin ɗauko na masakin, na talakawa. Yara ko wasa ba sa iya yi a kai."

"Yaya, aikina take yi min."

"Abin kyauta ai ba abu ba ne."

Shi da nasa na kwafe ne, har yana da bakin magana!

Goman ƙarshe muka tafi Makka, muka bar masa mabuɗi ya riƙa leƙa gidan. Ranar salla muka tarar da shi a falo yana washe baki, kwamfuta a kunne, tambarin kamfanin nan yana yawo a fuskarta. Ya ce, "Goron sallarki ke nan. Na kai an mayar miki da ita ta mutane."

Na duba ciki, labarin kaka babu ko ɗaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan da ake faɗa.

Bayan salla na tasa shi gaba har shagon mai gyaran. Mutumin ko a jikinsa. Ya ce, "Wallahi ya ukti, 'yar'uwa, ma fi shai, ba komai. Na ciro ma'ajiyarta, inda take adana komai, na jona a tawa, nizam ya ce ba a taɓa shirya ta ba, ya tambaya in yi farmata, na ce yalla, a yi. Babu komai a ciki."

Wannan magana ita ce ba zan taɓa yafewa ba, kuma ba mai gyaran kaɗai nake nufi ba. Nawa nizam ɗin, na talakawan, in ka ba shi ma'ajiyar da na kamfani ya rubuta, zai buɗe ya karanta maka. Na kamfani kuwa bai ga dalilin koyon rubutun kowa ba. Rashin sani ba laifi ba ne. Da ya ce "ban gane wannan ba", da mutumin ya dakata. Amma ya ga abin da ya fi ƙarfin karatunsa, sai ya nuna kamar fili ne, ya miƙo tsintsiya. Mu da aka haifa a garin nan, ake kallonmu kamar jiya muka sauko daga jirgi, ai mu ya kamata mu fi kowa gane irin wannan raini. Yayana bai gane ba.

Na yi ƙoƙarin ceto abin da zan iya. Sai dai mai gyaran, don ya burge yaya, ya cika ta maƙil da wasannin yara, sun danne komai. Abin da na tsamo ɗan guntu ne, tarin kaka da ƙarar cokali a kofi.

Yaya ya ce, "Halas mana, ya wuce! Ai tsohuwar tana nan da ranta. Ki sake ɗauka."

Na haɗiye abin da ya zo min baki, don babba ne. Na goge nasu na mayar da nawa, na ɗauko kaka na zaunar. Azumin shekarar ya taɓa ta ƙwarai. Ta fara, ta kai wani gari, ta koma baya, ta sa auduga a inda babu ita. Can ta tsaya tana murza carbi.

"Ƙawata," haka take kirana, "kunna min wurin da muka binne Inna. Sunan garin ya kwance min. Tun da na faɗa miki na daina riƙe shi, na san yana wurinki."

Da ƙyar na ce mata na'urar ce ba ta da lafiya.

Ta gyaɗa kai. "To ba komai. Ki ba yayanki ya kai a gyara."