Murfin da Sajan Tanko Bai Cire Ba

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar Ishaya Mai Hoto. Da aka tuna mini sai na yi musu, don a raina kamar shekaranjiya muka dawo daga jana'izarsa. Abin da ya kashe mini baki ita ce 'yarsa Rifkatu. Ya bar ta tana 'yar shekara huɗu, yau ga ta a shagona ana gwada mata kayan aure.

Ni tela ne. Shagona da nasa bango ɗaya ya raba su, a kan hanyar kasuwar Zuru. Ni Musulmi, iyayena daga yamma suka zo, shi Kirista kuma ɗan ƙasa, Hausarsa da ɗan gishirin yarensu na C'lela a ciki. Sana'a ce ta haɗa mu: in na ɗinka wa mutum sabuwar riga, ba ya kai ta gida sai ya leƙa wajen Ishaya an ɗauke shi da ita. Yakan ce ni nake yi wa mutane ƙarya da zare, shi kuma ya tona musu asiri da gilashi. Kullum cikin tsiya muke, amma tun da ya tafi ban sake samun wanda tsiyarsa ke yi mini daɗi ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Wata 'yar kyamara ce baƙa da ya saya kwance a Kaduna, da gilashin gabanta guda ɗaya tal, wanda yake kira ido. Idon nan bai fi murfin kwalbar man shafawa girma ba, har da kyamarar duka aljihun kaftani yake jefa su. Mai araha ne, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Ba ya jawo abin da ke nesa, ba ya buɗe wuri ya haɗiye taro. Yadda idon mutum ke ganin abu, haka shi ma yake gani. Da sauran masu hoto suka fara rataya manyan kyamarori masu dogon baki kamar bututun injin niƙa, na sha yi masa gori. Sai ya ce, “Malam Garba, zumunta a ƙafa take. Wanda nake so in ɗauka, zan taka in je gare shi.”

Kuma haka yake yi. Tunda idon ba ya jawowa, dole ya matsa, wanda kuwa zai matso kusa da kai dole ya gaishe ka. Kafin ya ɗaga kyamara ya tambayi gida da gona, ya ji ɗan wa kake, wataƙila ma ya gano kakarka da tasa a dutse ɗaya suka yi wasa. Kyamarar tana da 'yar taga a gefe, ta nan yake leƙe. Ya taɓa ba ni na duba: a tsakiyar tagar mutum yakan fito biyu, sai ka murɗa zoben idon a hankali har biyun su hau juna su zama ɗaya, sannan ka danna. Ni kaina ya juya, na miƙa masa abinsa. Shi kuwa yana murɗawa yana hira, kafin ka ankara an gama.

Zuru garin soja ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. A zamaninmu yaro ba ya komawa bariki bai tsaya gaban Ishaya ba, don uwarsa ta sami abin kallo. Ranar kasuwa kuma yakan hau babur zuwa Mahuta ko Kanya, ya dawo da hula cike da ƙura da labarai cike da baki.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Kowa ya zama mai hoto, har jikokina. Mutum zai tsaya can tsallaken titi ya ware yatsu biyu a kan waya ya jawo fuskarka, babu sallama balle gaisuwa. A yi haɗari, kafin a sami mai ɗaga wanda ya faɗi an sami masu ɗaukarsa goma. Amarya kuwa sai an wanke ta a waya ta yi fari sol, har uwarta ta tambaya ko 'yar wa ce. Na san zai yi dariya, zai kuma karɓi wayar ya jujjuya ta, don ba mai ƙin sabon abu ba ne. Abin da ba zai yafe ba shi ne ɗaukar mutum ba tare da an dube shi ba.

Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki rabin ƙasar nan, shi ba a ɗaukarsa. Ka ɗaga kyamara gare shi, sai ya kare fuska da hula ya ce fim tsada. Sau ɗaya tak ya yarda, ranar sunan Rifkatu, shi ma don matarsa Saratu ta kafe. Sun daɗe ba su sami haihuwa ba, ta ce wannan rana ko ana ha maza ha mata sai an ɗauke shi da 'yarsa.

Wanda ya karɓi aikin ɗaukar hoton shi ne surukinsa, Sajan Tanko, mahaifin Saratu, tsohon soja mai murya kamar aradu. Shi ne wanda Ishaya ya yi wa golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Sajan ya ce shi da ya riƙe bindiga, wace tsiya ce kyamara? Aka ajiye benci a gindin mangwaro. Ishaya ya zauna cikin farin kaftanin da na ɗinka masa, jaririya a hannu. Mu duka muka koma bayan Sajan muna tsokanarsa. Sajan ya kafa ido a taga, ya daka tsawa kowa ya yi shiru, ya murɗa, ya danna. Ban taɓa ganin Ishaya ya yi murmushi mai faɗin na ranar ba.

Da aka wanko fim, gurbin hoton ya fito wayam, ko inuwa babu. Ashe murfi na kan idon. Irin wannan kyamara haka take: taga daban, ido daban, don haka ko ido a rufe yake, mai leƙe zai ga komai tsaf ta taga, ya danna yana murna. Mu muna baya ba mu gani ba. Mutum ɗaya ne ke fuskantar idon, shi ne Ishaya.

Na ce masa, “Kai, ba ka ga murfin ba?”

Ya ce, “Na gani mana. To, ni ne zan ce wa Baba ya yi kuskure, a gaban mata da baƙi? Mutumin da ya ba ni ɗiyarsa?”

Sannan ya ce a bari, ai akwai lokaci, za a sake wani. Har Sajan ya koma ga Allah bai san abin da ya faru ba, an ce masa ruwan wanki ne ya ci hoton. Lokacin kuwa bai zo ba. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Ishaya, kafin gero ya nuna mun binne shi. Ɗan hoton da ke jikin katin shaidarsa ma ya riga ya bi wanki a aljihun wando. Na yi fushi da shi a kan wannan kunya tasa, har yau kuma da saura.

Da maganar aurenta ta tashi, Rifkatu ta zo ta zauna a bencin shagona ta ce, “Baba Garba, ina so in shiga ɗakina da fuskar babana. Takalminsa kawai nake tunawa, da warin ruwan wankin hoto.” Na ce wannan mai sauƙi ne. Ta kai ni wurin wani mai kwamfuta da ya ce in an kwatanta masa mutum, na'ura za ta zana shi. Nan na ji kunya ta gaske. Na san faɗin kafaɗarsa da tsawon hannunsa, in ka tashe ni daga barci zan yanka masa riga. Amma hancinsa fa? Tsakanin idanunsa? Saratu ta kwatanta nata, na kwatanta nawa, muka yi ta gardama. Na'ura ta fito mana da wani kyakkyawan baƙo mai kama da ɗan siyasa. Rifkatu ta dube shi, ta dube mu, ta gane daga fuskokinmu. Ta tashi, muka fito.

Sai muka shiga cigiya. Duk gidan da aka ce akwai tsohon hoton taro, mun je. Ana cikin haka wani ya ce akwai wata tsohuwa a Danko, Kaka Ladi, da ke cewa tana da Ishaya a ɗakinta. Muka hau mota da sassafe, Rifkatu ko karyawa ba ta yi ba.

Tsohuwar ta shigar da mu, ta ciro hoto daga ƙasan akwati, naɗe cikin ɗankwali. Ita ce da mijinta, shi cikin kaki, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, dukansu baki har kunne. Babu Ishaya a ciki. Na ce, “Kaka, ai an ce mana kina da shi.”

Ta ce, “To mi kake gani? Wanga mutum nawa, tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin haƙoransa a gaban mutane ba. Ran nan zai koma bakin aiki, duk muna cikin ɓacin rai. Mai hoto ya matso har ina jin numfashinsa. 'Yar kyamarar tasa ba ta rufe fuska, ido ɗaya a taga, sauran fuskar duk a waje, shina ɗaga mana gira, shina kwaikwayon tafiyar maigida. Shi muke kallo, ɗiyata. Ubanki muke yi wa dariya.” Mijin bai dawo daga wannan tafiya ba. Ta ce duk ranar da ta buɗe hoton, mutum uku take gani.

Gaskiya a lokacin haushi na ji. Mun ɓata yini, an biya mu da zance. A mota Rifkatu ta kau da kai tana kallon hanya, ni ma na ƙyale ta, ina tsammanin kuka take haɗiyewa. Muna isa Zuru ta wuce ɗakin uwarta kai tsaye, na bi ta don kada ta kaɗaita. A bango akwai hoton wata 'yar yarinya zaune a tabarma, ta miƙa hannu biyu gaba, baki buɗe, ido ya kafe a kan wani da ke durƙushe dab da ita. Tun tana ƙarama yake rataye a wurin, ta wuce shi sau ba adadi. Ta sauko da shi, ta goge gilashin da bakin mayafi.

Ta ce, “Mama, wa ya ɗauke ni wannan?”

Saratu ta ce, “Wa kuwa zai ɗauke ki?”

Fuskar Ishaya ta tafi, wannan ba zan yi wa masu karatu ƙarya a kai ba. Mu da muka san ta muna ƙarewa, kuma abin da ke kanmu ma yana zubewa kamar hatsi a tsohon buhu. Shagonsa yanzu cajin waya ake yi a ciki. Abin da ya saura yana bangon mutane da ƙasan akwatunansu, daga nan har Danko: ɗaruruwan fuskoki da suka saki jiki domin wani ya tako ya gaishe su kafin ya ɗauka. Ina kewarsa ƙwarai, kuma na fara yafe masa maganar murfin, ko da yake ban gama ba.

Rifkatu ta daɗe tsaye da hoton a hannu. Da ta juyo hawaye na zuba, amma ba irin waɗanda na ji tsoro a mota ba. Ta ce, “Baba Garba, dubi yadda nake miƙa masa hannu. Ashe na san shi.” Wannan hoton ta sa a cikin kayan ɗakinta.