Hannun da Bai Nitse Ba

Har yau in na ji ƙanshin soɓo yana tafasa, kakata nake tunawa, daga nan kuma sai in tuna bakina. Bakin nan nawa ne ya raba majami'armu gida biyu ina 'yar shekara tara, kuma ba wasa nake yi muku ba.

A Bodinga na tashi. Mu Kiristoci ba mu da yawa: 'yan kasuwa kaɗan, malaman makaranta biyu ko uku, sai mu da kakanninmu suka zo aikin hanya daga ƙasar Zuru suka zauna. Majami'armu ta Baftis ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano a bayan tasha. In ana ruwan sama ba a jin wa'azi, sai a yi ta waƙa har ya ɗauke. Abin da 'yan Baftis ba sa wasa da shi shi ne baftisma. Ba yayyafa ruwa a ka ake yi ba, sai an nitsar da mutum dukansa. Kuma wanda aka nitsar kaɗai ke cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon soɓo da ake zagayawa da su Lahadin farkon wata.

Kakata ce mai dafa soɓon nan tun ba a haifi babana ba. Ran Asabar takan jiƙa shi, ta tafasa, ta matse da hannunta na dama, sai hannun ya rine ja har wuyansa, ba ya fita sai wajen Talata. Wata Asabar ina riƙe mata rariya na tambaye ta yadda aka yi mata baftisma. Ta yi dariya har da tari.

"Can Shagari anka yi min, cikin wani tabki, ga bazara," in ji ta. "Ni ko tsoron ruwa nika yi. Da fasto yak kwantar da ni, sai nic cakumi wuyan rigarshi da hannun ga. Na nitse, na taso, hannu na sama ko jiƙa bai yi ba. Maɓallinshi biyu nit tsinke!"

Kashegari a makarantar Lahadi, malamarmu, matar hedimastan firamare, ta tambaya wa ya san wani abu a kan baftisma. Wa zai riga ni ɗaga hannu? Na zazzage labarin duka, har da maɓallai. Yara suka kwashe da dariya. Matar hedimasta ba ta yi ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta kai gaban dattawan ikilisiya, suka rabu biyu. Hedimasta, ɗaya daga cikinsu, ya ce nitsarwa nitsarwa ce, ba ta da saura. In yau an yafe hannu, gobe a yafe kafaɗa, jibi kai, to me ya raba mu da masu yayyafi? Shi a ganinsa sai an sake yi wa kaka baftisma. Wani dattijo tela ya ce sam, sau ɗaya ake baftisma, bangaskiyar zuciya Allah yake dubawa, kuma sakewa tamkar cewa ne duk shekarun da tsohuwar ta yi tana cin Jibi a banza ta ci. Ba miyagun mutane ba ne, kowannensu tsoron Allah yake ji. Sai dai babu mai sauraren ɗan'uwansa. Aka aika wa 'yan'uwa na Sakkwato da na Shagari takarda, amsoshi suka dawo su ma a rabe.

Fastonmu yaro ne sabon zuwa, bai san inda zai sa kansa ba. Ya zo gida ya durƙusa ya roƙi kaka ta dakata da cin Jibi har a daidaita. Ta ce to. Asabar ta dafa soɓonta yadda ta saba. Lahadi ƙoƙon ya zo layinmu, mai rabawa ya sunkuyar da kai ya tsallake ta. Ina kusa da ita, na ga ta ɓoye jan hannun nan cikin mayafi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Wata uku ana haka. Muna da maƙwabci, tsohon malamin allo, sun saba gaisawa da kaka ta kan katanga. Da labari ya kai masa ya ce, "Ashe ku ma kuna da lam'a?" Kaka ta ce mene ne lam'a. Ya ce wurin da ruwa bai taɓa ba in mutum ya yi wankan ibada. "Mu dai in an tuna, sai a wanke wurin a wuce." Kaka ta ce, "Allah shi gafarta Malam," ta koma ɗaki tana jinjina kai.

Lahadin Jibi da ta biyo, ana tsakiyar sujada, wato taron ibadarmu, sai ga kaka ta taso da ƙwarya cike da ruwan rijiya. Ta dire ta gaban bagade, inda fasto ke tsayawa, ta naɗe hannun riga, ta miƙa wa fasto hannunta.

"Ɗana, ga abin da yar rage. Kama ka nitsar."

Fasto ya dubi hedimasta, ya dubi tela. Ya kama wuyan hannun ya tsoma shi har gwiwar hannu. Ruwan ya ɗan yi ja.

Ni na ɗauka an gama ke nan. Ina! Hedimasta ya miƙe ya ce ba a yin baftisma kashi-kashi. Tela ma ya miƙe, ya ce wannan tsomawar amincewa ce cewa ta farko ba ta cika ba. A karo na farko cikin wata uku bakinsu ya zo ɗaya, duk a kan fasto. Kafin girbin gero ya kama, an ɗauke shi zuwa wani gari. Hedimasta da mutanensa suka koma yin sujada a wata rumfa, tela da nasa suka riƙe ɗakin kwano. Mutanen da ba su cika ɗaki ɗaya ba suka zama majami'a biyu.

Su tela suka ce kaka ta dawo ta ci Jibi. Ta ce ba ta shan ƙoƙon da aka raba saboda ita, sai ranar da suka koma wuri ɗaya. Amma ba ta daina dafawa ba. Tukunya ɗaya take yi ta raba biyu, ta aika nan ta aika can, kuma duka ɓangarorin suna karɓa. Shekara bakwai ta yi a haka har ta rasu, ba ta sake sa soɓon Jibi a bakinta ba.

Sau ɗaya na iya roƙonta ta yafe mini. Ta ce, "Ke uwar surutu, ƙarya kinka yi min?" Na ce a'a. Ta ce, "To mi za ni yahe? Riƙe rariya da kyau."

Majami'un nan biyu suna nan har yanzu, kowacce da kwamin siminti na baftisma, kuma fastoci kan ce wa mutum ya harɗe hannuwa a ƙirji kafin a kwantar da shi. Samarin yanzu sun ɗauka rigimar fili ce ta raba su, ni kuma ban gyara musu ba. Ni ce mai dafa soɓo a inda nake zaune, jikata ce mai riƙe mini rariya, kuma bakinta irin nawa ne sak. Ran nan ta ce, "Kaka, ke yaya aka yi miki baftisma?"

Na dubi jan hannuna, na dubi bakinta. Na ce, "Na nitse duka, har hannu. Matso da rariyar."