Ranar da Aka Auna Zaurenmu da Makara

Damina ta cinye gindin zaurenmu a shekarar da na shiga aji uku a kwalejin horon malamai, wajen tsakiyar shekarun 1970. Gidanmu a Unguwar Sarki yake, ginin ƙasa ne, kakana na wajen uba ya gina shi tun yana da ƙarfin ɗaga azara. Da ruwa ya ɗauke, Baba ya ce a rushe zauren a tayar da na bulo. Ya ɗauko wani magini Bakatsine da ba ya rabuwa da igiya a wuya.

Rushewa ba ta ci kwana biyu ba. Inda za a sa ƙofa ne ya tsayar da aiki. Baba yana son ƙofar waje da ta ciki su kalli juna, ya riƙa shigowa da babur ɗinsa ba sai ya sauka ba. Inna ta ce ba za ta zauna a bakin murhu mai tallar kananzir yana leƙa mata tukunya daga titi ba. Dole mai shigowa ya sha kwana kafin ya ga tsakar gida.

Ni ma ina da nawa, ban dai faɗa wa kowa dalili ba. Lokacin ina sayen ƙananan littattafan soyayya a Babbar Kasuwa, ina ɓoye su a ƙasan akwati. Na zana a bayan littafin lissafi: ƙofar waje a hagu, ta ciki can ƙuryar dama, tsakaninsu ɗan bango iya kafaɗa, bayansa dakalin mutum biyu da ƙaramar taga. Babu mai zuwa zance wurina a lokacin, amma na riga na san launin rigarsa da yadda hasken la'asar zai sauka a kan hularsa.

Inna ta so zanen don ya fi kare ta. Baba ya haƙura, ya ce babur ai ana turawa. Magini ya shata da toka, ya jera bulo har kafaɗa ba siminti, don kowa ya gani.

Kaka yana kan buzunsa a gindin dalbejiya yana kallo. Ya yafito ni.

“Ke amarya, wannan lungun naki, ta ina zan fita?”

“Ta inda ka saba mana, tsoho.”

“Ba da ƙafata nake nufi ba.”

Sai ya ba mu labarin amininsa na Unguwar Dosa da ya rasu shekara guda kafin nan. 'Ya'yansa sun yi masa sabon zaure mai matsattsiyar kwana. Ranar jana'iza makara ta ƙi juyawa. Sai da aka sauke mamacin, aka naɗe shi a tabarma, aka lanƙwasa shi aka fitar. Kaka ne ya riƙe ƙafafun. Ya ce shi ba za a yi masa haka ba, a je wurin liman a aro makara a gwada.

Inna ta yi a'uziyya ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Baba ya tsaya yana juya makullin babur a hannu, daga baya ya tafi wurin liman.

Da hantsi leburori huɗu suka taho da makarar daga masallaci. Kafin su iso, maƙwabta sun fara fitowa suna salati. Wata Hajiya da ke gidan baya ta shigo da mayafi a karkace, tana tambayar yaushe abin ya faru.

“Da saura, Hajiya,” in ji Kaka. “Gwaji ne.”

Leburorin suka shiga tsakar gida, suka juyo da ita ta tsakanin bulon. Da suka zo kwana suka ɗaga gefe ɗaya, ta wuce.

“Kun karkata ta,” in ji Kaka. “Da ina ciki da na zube. Ku sauke in hau.”

“Malam, don Allah ka rufa mini asiri,” in ji Baba. “Ga mutane a ƙofar gida.”

Aka daidaita a kan a ɗora buhun siminti a madadin Kaka. Magini ya ce ai ya fi Malam nauyi, Kaka ya ce a ƙara rabi don zunubai. Suka sake ɗauka, wannan karon a miƙe. Goshin makarar ya daki ɗan bangona, bulo biyu suka faɗo. Suka ja baya, suka sake, suka canza kafaɗa. Ba ta juya ba.

Magini ya zare igiyarsa ya auna, ya girgiza kai.

“Malam, abu biyu na. Ko bangon ɗiyar ga, ko hitarka.”

Kaka ya dube ni. Ban taɓa gaya masa amfanin dakalin ba.

“To amarya, zaɓi. Mijin da ba ki gani ba, ko wanda kike da shi.”

Leburorin suka yi dariya, makarar tana kafaɗarsu. Na tuna ina kallon tokar da aka shata tagar da ita, ƙafafu sun riga sun share rabinta. Na ce a cire.

Aka kwashe bangon da dakalin. Magini ya matso da ƙofar ciki kamu biyu, ya ƙara mata faɗi, ya bar kwanar yadda idon mai wucewa ba zai kai murhu ba. Aka leƙa aka gaya wa Inna ta bayan ƙyaure, ta ce ta ji.

Suka ɗauka karo na ƙarshe. Ta fito sumul, buhun bai ko motsa ba. Kaka ya sa suka koma suka maimaita, har suka karya ta wajen masallaci kamar yadda za a yi da gaske. Sannan ya tashi da sandarsa, ya bi hanyar da kansa daga tsakar gida zuwa titi, yana taɓa bulon da yatsa. Ya tsaya a waje ya ce da magini:

“Kwaɓa simintinka.”