Wutar da ke jiran ruwa

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son wani abu sai ya ce, "Ke, yarinyar nan," yana kallon wani wuri dabam, ni kuma in kawo in ajiye in koma. Ƙannena kan hau bayansa su ja masa gemu. Ni daga bayan labule nake kallonsa, kuma ina jin duk gidan babu wanda ya san hannuwansa kamar ni.

Sana'arsa gyaran dafur, wato rishon kananzir mai famfo. Yana da 'yar rumfa ta kwano da katakon akwati a ƙofar gidanmu a unguwar Hindawiyya. Da kunne yake gano ciwon dafur. Zai ba shi iska, ya kunna, ya karkata kai yana sauraron ƙugin wutar, sannan ya ɗauko siririyar allurarsa ya soka a hancin. Wutar da ta zo masa ja mai hayaƙi sai ta koma gida shuɗiya. Mutane na ce masa Usta, wato gwanin sana'a.

Ina aji huɗu tukwanen gas suka cika unguwa. Mai sayarwa kan bi lungu yana buga sifana a jikin tukunya, mata na leƙowa. Dafur ya koma ƙarƙashin gado. Akwai ranar da Baba ya wuni ba wanda ya kawo masa komai, har ya kwance namu na gida, wanda lafiyarsa ƙalau, ya wanke ya sake ɗaurawa. A cikin wannan hali wani ya samo masa aikin gadi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, aka ce ya ba da amsa ranar Asabar. Na ji yana gaya wa Umma, "In kayan gas ɗin nan sun fi ƙarfin kaina, khalas, shi ke nan, na rufe rumfa. Ba zan zauna ina gadin allura ba."

Umma tana wanki a wani gida mai hawa huɗu a unguwar Ammariyya, ni kuma ina raka ta ranar Juma'a da ba makaranta, in taya ta shanya. A can na fara ganin sakhana. Farin akwatin ƙarfe ne a jikin bangon kicin na ƙasa, da 'yar taga kamar ramin makulli. Ta tagar ana hango wata 'yar wuta shuɗiya da ba ta kai ƙwayar wake ba, tana tsaye ita kaɗai, ba ta dafa komai. Umma ta murɗa famfo. Sai na ji fuf, akwatin ya cika da wuta, layi-layi, kafin in ja numfashi biyu ruwan da ke zuba a baho ya fara tururi. Ta rufe famfo, wutar ta ɗauke, aka bar 'yar ƙaramar nan ita kaɗai.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. A gidanmu in ana son ruwan wanka a kwanakin da iskar arewa ke kaɗawa, sai an ɗora gwangwani a dafur an jira. Ruwa kuma, a iya sanina, shi ke kashe wuta. Ga shi nan ruwa ne ke kiranta, tana amsawa. Wa ya gaya mata an buɗe famfo? Ban tambayi kowa ba. Amma duk Juma'a sai na san dalilin da zai kai ni gaban akwatin nan, in buɗe, in rufe, in buɗe, har Umma ta ce, "Za ki ƙarar wa mutane da gas, yalla, maza ɗauki kwandon ki hau."

Hanyar shanya ta bi ta hawa na huɗu, kuma a banɗakin can akwai wata sakhana irin ta ƙasa sak. Ita wannan malalaciya ce. Da safe, in an cika tankin da ke saman rufi, takan kama da ƙyar, sai an buɗe famfo har ƙarshe. Da yamma ko motsi ba ta yi. Na kuma lura da wani abu da ban ɗauke shi a bakin komai ba: famfon ƙasa in na buɗe sai ya fantsamo mini a riga, na sama kuwa a hankali yake zuba kamar daga bakin buta.

A makon da aka yi wa Baba maganar gadi, matar gidan ta gaji da ta saman, ta sa aka cire ta, ta ce ta lalace. Umma ta roƙa, aka ba ta, ta kawo ta gida a naɗe cikin tsohon bargo.

Baba ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya kwantar da ita. Ya cire murfin. Ni ina bakin ƙofar ɗaki da littafin zanena a cinya. Cikinta jan ƙarfe ne, launin shayi mai kyau. Siririn bututu ya naɗe wani ɗaki mara rufi, zagaye bayan zagaye, ya hau sama ya ratsa ta cikin faranti sirara masu yawa da aka jera kamar haƙoran mataji. A ƙasa ga bakunan wuta a jere, kowanne da ƙananan huji. Baba ya bi bututun da ɗan yatsa tun daga inda ruwa ke shiga har inda yake fita.

"Subhanallah," ya ce. "Ba tukunya. Mutumin nan bai tara ruwa ya dafa ba. Ya sa ruwan ya yi ta zagaya wuta ne, kafin ya fita ya ɗauki zafi."

Wanda yake wa magana shi ne maƙwabcinmu, Bahaushen Sudan mai tuƙin tasi, wanda muke ce wa Kawu. Shi ke da gidan bulo mai bene a jikin namu, kuma shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Usta, wannan fa ba dafur ba ne," in ji Kawu. "Wannan sai wanda ya yi makaranta. Ka bari in kai maka ita kasuwar gwanjo, ko kuɗin shayi ka samu."

"Kai da ko fitilar motarka sai ka kawo mini? Miƙo sifanar can."

Can ƙasa Baba ya kwance wani abu kamar ƙananan kwanoni biyu da aka kifa wa juna. A tsakaninsu akwai faifan baƙar roba, a kan robar kuma wani ɗan tsinken ƙarfe. Ya danna robar da babban yatsa, tsinken ya ɗaga. Ya saki, ya koma. Ya yi haka ya fi sau goma, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ga mai gadin nan," ya ce. "Ruwa in ya taho ya tura robar, roba ta tura tsinke, tsinke ya buɗe wa gas ƙofa, 'yar wutar can ta kunna shi. Ruwa ya tsaya, ƙofa ta rufe. Kai, Allah Ya yi wa wani bawansa kai."

Abin da na yi watanni ina tambayar kaina, ashe 'yar roba ce da ba ta fi tafin hannuna ba. Wani mutum a wata ƙasa da ban sani ba ya zauna ya yi tunanin yadda ruwa zai ƙwanƙwasa wa wuta ƙofa. Na zana kwanonin da tsinken a bayan littafina.

Baba ya wanke komai, ya bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya da allurar dafur, ya ɗaura. Ya rataye ta a bangon tsakar gida, a fili, don ya ce abin da ke cin wuta haka ba a kulle shi a ɗaki ba tare da hanyar hayaƙi ba. Ya aro tukunyar gas. Gangar ruwanmu ya ɗora a kan tsohon tebur da bulo biyu, ya ja tiyo. Ya ƙyasta ashana, 'yar wutar ta tsaya. Ya buɗe famfo. Ruwa ya zubo, sanyi ƙalau.

Haka aka yi Talata da Laraba. Ya kwance, ya ɗaura, ya sake roba, ya shafa wa tsinken mai. Ranar Alhamis bayan la'asar na dawo daga makaranta na tarar da maza huɗu a tsakar gidanmu, kowa na ba da shawara. Umma ta ba ni tiren shayi in kai.

"Abu mai sauƙi," Kawu ke cewa. "Sa ƙusa ka tokare tsinken nan a buɗe. Wuta ta kama, kowa ya huta."

"In ruwa ya yanke fa?" in ji Baba. "Wuta na ci, bututu ba ruwa? Ya narke ko ya fashe a fuskar 'ya'yan mutane? Wanda ya ƙera ta ya hana wuta fita sai da izinin ruwa. Ba ni zan cire wannan ba."

"To, sai ka je ka auna rigar gadi. Ka ce su ba ka mai aljihu, ka riƙa zuba allurarka."

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga ya fara goge sifana yana jerawa a akwati, yadda yake yi in ya gama da abu. Na dubi ruwan da ke zuba daga famfon. A hankali yake zuba, kamar daga bakin buta.

Ban taɓa yin magana a gaban baƙi maza ba, balle in gaya wa Baba abu a kan aikinsa. Na ajiye tiren. Na juya zan tafi, na kai bakin labule, sai na tsaya na fuskanci bango.

"Ta ƙasa tana kamawa," na ce.

"Me ta ce?" in ji Kawu. "Yau bango ya yi baƙuwa. Ɗaga murya, 'yata, ba mai cin ki."

"A gidan can. Ta ƙasa tana kamawa nan da nan, ruwanta da ƙarfi yake fita. Wannan ta sama ce, tanki na dab da kanta. Ruwanta haka yake zuba, irin wannan."

Na ji takun Baba ya nufi famfo. Da na saci kallo, ya toshe bakin famfon da babban yatsa, yana jin nauyin ruwan. Ya dubi gangar a kan tebur. Ya ɗaga kai ya dubi saman benen Kawu.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce a hankali. "Ruwan ne ba shi da ƙarfin tura robar. Tashi, direba, yau gidanka zai yi amfani."

"Gidana? Ka rushe mini rufi da ganga?"

"In ya rushe na gyara maka da allura."

Suka juye gangar, suka hau da ita da igiya. Kawu ya kawo tiyon wankin motarsa aka haɗa da namu. Aka kira saƙƙan unguwa, mai kawo mana ruwa a gwangwani biyu da sanda a kafaɗa. Da ya ga matakalar ya ce, "Ya Usta, ni mai ruwa ne ko tantabara?" Amma ya hau, sau huɗu, yana mita. Yaran lungu suka cika ƙofa. Umma da maƙwabta suka tsaya a bayan labule, ni ina tsakiyarsu.

Baba ya ƙyasta ashana. 'Yar wutar ta tsaya a mazauninta. Ya kai hannu kan famfo, sai ya janye.

"Ke, yarinyar nan," ya ce, yana kallon gangar. "Zo ki buɗe."

Umma ta tura ni da gwiwar hannu. Na taka tsakar gidan nan da na share sau dubu kamar ban san shi ba. Kan famfon da ɗumin hannun Baba. Na murɗa. Tiyo ya yi tsalle, ruwa ya fantsamo mini a rigar makaranta, sai fuf. Murfin na ƙasa a kan buhu, don haka a karon farko na ga wutar gaba ɗayanta: layuka shuɗɗa, tsayinsu ɗaya, ba hayaƙi, suna hawa cikin ɗakin jan ƙarfen. Yara suka sa ihu. Kawu na ta faɗin "Mashallah, mashallah," kamar shi ya ƙera.

"Rufe," in ji Baba. Na rufe, ta ɗauke. "Buɗe." Sau uku ya sa ni. A na ukun ya tara hannuwansa biyu a ƙarƙashin ruwan, hannuwan nan masu baƙin kananzir a gindin farce, ya bar su a ciki har tururi ya rufe su.

Washegari Juma'a ya bi mu Ammariyya, ya gaya wa mai gidan cewa abin da suka yar ba lalacewa ya yi ba, ga dalili. Mutumin ya ce ya riƙe ta, sannan ya kai shi gidan ƙaninsa, inda wata ke ƙin kamawa. Ranar Asabar Baba bai je sito ba. Ya buɗe rumfa, ya rataye farin murfin nan a ƙofa don masu wucewa su gani.

Har ya bar duniya bai kira sunana ba. Amma shekaru bayan haka, duk wanda ya zo ya ce sakhanarsa ta mutu, kafin Baba ya taɓa sifana sai ya tambaya, "A hawa na nawa take?" In ya faɗa, yakan ɗan juyo da kai wajen labule.