Ƙahon da Kaka ke rufe ƴan tsaki

Wautata ba ta tsufa ba ce, da ita aka haife ni. Lakwal ma, makarantar boko, ban cika shekara ba mushe, malaminmu, ya ce ma Baba ya kai ni inda hannu ke aiki, tunda kai ya ƙi. Haka na faɗa garejin Kawu a bakin kasuwar Dakoro, ba da daɗewa ba bayan Nasara ya sauke tutarshi.

Jiya jikana ya jawo tsoffin lasifiku ya haɗa da wayarshi a gareji. Ɗaya ta yi wani ziiii a ƙarƙashin kiɗan, kamar ƙudan zuma cikin gora. Sai da na nemi wurin zama.

Kawu yana da rediyon da ya ciro daga mataccen kamyo, babbar motar kaya, yana ci da batir, muryarshi kamar ta sauro. A gida kuma akwai wani babban ƙaho na ƙarfe, mai faɗin baki, an shafe shi da baƙin mai, kife bayan ɗakin Kaka. Da shi take rufe ƴan tsaki saboda shirwa. Ban san lasifika ba ce. Ban kuma san daga motar yaƙin zaɓen jam'iyyar da aka hana ta fito ba, motar da Kawu ya taɓa tuƙawa. Abin da na sani kawai, a shekarun nan manya kan yanke hira idan baƙo ya yi sallama, kuma akan wayi gari wani ba ya nan, ba mai tambayar ina ya tafi.

Akwai wani dillalin awaki mai farar hula, kullum yana kan bencinmu yana shan shayi. Ran nan ya yafito ni.

"Ɗan Kawu, rediyon nan naku mura yake yi? Ai maganinshi na gidanku, kun bar ma kaji."

Da tsinke ya zana mani yadda ake haɗa wayoyin a ƙasa: ja ga ja, baƙa ga baƙa. Ya shafe zanen da takalminshi.

Ranar kasuwa, da hantsi, na kori ƴan tsaki na saɓo ƙahon cikin buhu. Kawu na ƙarƙashin wani kamyon gyaɗa, ƙafafunshi kaɗai ake gani. Na rataye a kan gwafar rumfa, na murɗe wayoyi, na kunna.

Kai jama'a! Goge ya tashi har kara, inda ake cinikin raƙuma. Na dafa ƙugu ina jiran yabo.

To, bakin ƙahon yana da lotsa, inda aka taɓa jifar shi da dutse lokacin zaɓe, ita ke sa wannan ziiii. Garinmu kuwa garin makiyaya ne. Mutumin da ke gane kukan taguwarshi cikin garke ba zai manta muryar ƙahon da ya yi ta zagaya ƙauyuka ba. Shiru ya fara daga layin masu gishiri, ya taho. Mai fura ta ɗauki ƙwaryarta. Bencinmu ya watse. Gogen kaɗai ke ta yi, a kasuwar da ba mai motsi.

Kawu ya zamo daga ƙarƙashin kamyo. Bai dube ni ba, ƙahon ya duba. Na kai hannu in kashe.

"Bar shi," ya ce. "Sun riga sun ji."

Ya wanke hannu da isansi, man mota, da rairayi, yatsa bayan yatsa, ya jera kayan aikinshi cikin akwati. Jandarmomi suka iso a ƙafa, ba sauri. Ɗayansu ya kankare baƙin man da wuƙa, tambarin jam'iyyar ya fito fes.

Cikin satin shirwa ta kwashe ƴan tsakin. Kaka ba ta zage ni ba. Takan ajiye mani tuwo ta juya baya. Na gwammace ta dake ni.

An yanke gero sau biyu kafin Kawu ya dawo, ya rame, kunnenshi na hagu a mace. Bai taɓa faɗin inda aka kai shi ba.

Yau kowane yaro da kiɗa cikin aljihu, kowace rumfa da lasifikarta, ba mai waiwaye. Jikana dariya yake idan na ce ya rage. Shi sauti yake ji. Ni ina jin ranar da ƴan barka suka cika zauren Kawu, mai farar hula a sahun gaba, riƙe da kofin shayi. Na shigo da buta. Kawu ya juyo da kunnenshi mai rai, ya ce a hankali, kowa na ji:

"Yaro, kai da mushe ya koro, wa ya koya maka ja ga ja?"