Cikon Gwangwani a Kulocin Jidda

Ku da kuke gareji tare da ni a Levenshulme, nan Manchester, kuna yi mini dariya saboda ba na ɗaura ƙarfe sai na auna shi. To, akwai wata Lahadi a filin tsere kusa da Birmingham da har yau ba ta fita daga raina ba.

A lokacin ni ne bakaniken Jidda, 'yar Dakta Bashir. Tana jami'a, tana zaune a Fallowfield, kuma tana tseren go-kart, wato 'yar ƙaramar motar nan mai kujera ɗaya da ke tafiya dab da ƙasa. Injin yana gefen daman direba, kusa da ƙugunsa. Ajin da Jidda take ba shi da giya, kuloci ne ke yin komai. A cikinsa akwai wasu ƙarafa da ake kira takalma, da sifirin ke riƙe da su. In inji ya ɗau wuta sai takalman su buɗe su kama gangar da ke kewaye da su, gangar ta ja sarƙa, mota ta tashi.

Kafin ka sayi kuloci ana duba haƙoransa, da irin sarƙar da yake ɗauka, da faɗin ramin da sandar inji ke shiga. Sandar iri biyu ce. Wata milimita ashirin, wata ta gaza haka da kusan milimita ɗaya. Ido ba ya raba su. Na Jidda ƙaramar ce. Ni kuwa da na je sayen na ajiya wurin wani mutum a Balsall Heath, haƙora kawai na ƙirga, na juya shi a hannu, na jefa a akwati.

Wannan tsere shi ne na ƙarshe a kakar. Hajiya, mahaifiyar Jidda, ba ta taɓa son abin ba. Dakta ne ya tsaya wa yarinyar, har suka yi yarjejeniya a gida: in ta samu hayewa aji na gaba ta ci gaba, in ba ta samu ba ta ajiye hular kwano. Ana fita zagaye-zagaye a ranar, da hutu a tsakani, na ƙarshen shi zai raba.

A zagayen da ke kafin na ƙarshe sifirin ya tsinke, takalmi ya kwarzane gangar. Na ce kada kowa ya damu, akwai wani. Ina zura sabon a sanda na ji yana rawa. Ashe na babbar sanda na sayo. Na zaga rumfunan sauran masu tsere da gudu. Yawancinsu babbar sanda suke da ita, wanda ke da irin namu kuma ya riga ya ɗaura nasa.

Na dawo na faɗa wa Dakta gaskiya. Ya dube ni ya ce, “Haba Malam Sule! Kai da ka tashi a garejin Kano? Ku da kuke tayar da motar da Bature ya yi wa jana'iza? Yi mana dabara mana.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba motar kasuwa ba ce.”

“Kewayen fili sau nawa ne duka? Ka yi masa ciko, please. Ka san abin da ke jirana a gida.”

Dole in gaya muku wane ne Dakta a wurina. Lokacin jinyar matata shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin GP, wato likitan unguwa, da asibiti, yana yi mana bayani da Hausa. Ban taɓa ce masa a'a ba. Sai na ɗauko gwangwanin madarar shayinmu, na yanka da almakashin ƙarfe, na naɗe sandar, na buga kulocin ya shiga, na ɗaure noti. A can Kano mun yi irin wannan a injin niƙa da janareta ba adadi.

Muka tayar da injin a kan karagar da ake ɗora motar a tura ta. Sauti lafiya lau. Dakta ya buga kafaɗata yana dariya. Jidda ta ce, “Baba Sule, kai legend ne wallahi.” Ni kaɗai nake kallon bakin gangar. Yana 'yar karkarwa kaɗan, wadda sai wanda ya san inda zai duba zai gani. A nan babu nauyi, babu zafi. A kan hanya gwangwani zai yi laushi, kuma ƙarfen da ke wannan juyin yana tazarar tafin hannu daga jikin yarinyar.

Aka kira ajinsu. Muka tura motar zuwa ƙofar shiga, Jidda na biye da mu da hularta a kai. Ka'idar wurin ita ce jami'in ƙofa ya tambayi kowane bakanike ko motarsa lafiya kafin a sauke ta. Tambayar al'ada ce, ko ɗaga kai ba ya yi. Na gabanmu ya amsa ya wuce. Aka zo kanmu.

Na ce masa, “No.”

Ya ɗago. Na nuna masa kulocin, na ce akwai ciko a ciki. Ya kira babban mai duba motoci, shi kuma ya sa hannu ya girgiza gangar, ya ce a fitar da motar daga layi.

Dakta ya matso kusa da kunnena, muryarsa ƙasa ƙasa. “Malam Sule, a gaban mutane? Me ya hana ka faɗa a rumfa?”

Jidda ta cire hula ta tsaya a jikin wayar shinge tana kallon sauran suna tashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Muka kwashe kayanmu muka kama hanyar Manchester.

Ta daina tsere kamar yadda aka yi alkawari. Dakta yana gaisawa da ni a masallaci, amma an daɗe kafin ya sake kawo motarsa garejin nan. Har yau ban sani ba ko cikon zai riƙe har ƙarshe. Mai yiwuwa da ya riƙe, Jidda ta haye aji.

Abin da na sani shi ne tambayar Dakta tana kan hanya. A rumfa ya kamata in ƙi, kafin a sa wa yarinya rai. Kunya ce ta hana ni, kuma kunyar bakanike direba ne ke ɗaukar ta ya shiga hanya da ita. Kafin rumfar ma, a Balsall Heath ya kamata in fito da ma'auni daga aljihu. Yana nan a aljihuna ranar, ban ciro shi ba.