Ɗana da Alamar Tarawa

Shekara da shekaru ina koyar da lissafi a wata firamare a Anka, amma ɗan cikina ya gagare ni. Ba taurin kai ba ne. Yana rarrafe muka yi zama a Dareta, gidan kakanninsa, lokacin da ake niƙan dutsen zinariya a tsakar gida. Gubar dalma ta kwashe sa'o'insa. Shi ta bar mini shi, amma ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Abin da ka koya masa da safe, kafin azahar ya bi ruwa.

Da ya yi ta maimaita aji, hedimasta ya kira ni, wai in zangon ya ƙare bai bambance tarawa da ɗebewa ba, gara in cire shi. Ni kuwa ba a taɓa ni in yi shiru. Na tambaye shi ko ya san asalin alamomin da yake taƙama da su. Mutanen da da kalmomi suke rubuta lissafi, sai da marubutan Turai suka gaji da rubuta kalmarsu ta “da”, suka guntule ta, ta koma kara biyu a gicciye. Sifiri daga Indiya ya taso, Larabawa suka yaɗa shi. Duniya ta ci ɗaruruwan shekaru kafin ta saba da su, shi ne za a yanka wa yarona zango guda? Ya ce ba shi ya kafa dokar ba.

Kullum bayan la'asar sai in baza wake a tabarma, in gicciya karan dawa, in ba shi labarin. Labarin kam yana sonsa, ya yi ta dariya, wai Turawan nan ragwaye ne. Amma in na nuna alamar na ce mene ne wannan, sai ya kalli fuskata yana neman amsar a can. Wannan kallon yana cin raina.

Ana gobe jarrabawa na dawo na tarar ya wanke kayan makarantarsa da kansa, ya ninke. Ya miƙo mini.

“Inna, ki aje ma ƙanena. Ki bar wahal da kanki, kaina ba ya riƙewa.”

Na karɓa. Ko gama bushewa ba su yi ba.